Inda Aka Binne Akawal

Ina aji huɗu na firamare dokin Baffa ya mutu. Dokin Baffa muke ce masa a gida, amma na wani hakimi ne, Baffa mai kiwonsa ne kawai. Shi ke yanko masa ciyawa da damina, ya tara masa harawa a kan rumfa saboda rani, ya jiƙa masa dusa da 'yar kanwa, ya wanke shi tas ranar jajiberin salla. Akawal ne, baƙi wuluk, sai ɗan fari a goshi kamar an ɗiga masa nono. Ba shi da wani suna bayan wannan. A wurinmu launin doki ne sunansa, ko kili, ko danda, ko bidi, ko hurde, ko gunya.

Ciwon ciki ne ya kama shi da daddare. Ya yi ta birgima a turke, ya tashi ya faɗi, Baffa yana riƙe da ragama yana zagayawa da shi don kada ya kwanta. Kafin kiran assalatu ya mutu. Da gari ya waye aka nemo samari da igiya, aka ciccibe shi aka ɗora a bayan a-kori-kura, muka bi shi har bayan ganuwa. Samarin so suka yi su jefar da shi a kwari su dawo, ai mushe ne, ungulu da karnuka sun san aikinsu. Baffa ya ce atafau sai an haƙa rami. Kuɗin masu haƙa daga aljihunsa suka fito. Kafin a tura gawar ya sa wuƙa ya yanki izga kaɗan daga wutsiyar, ya naɗe, ya sa a aljihun riga.

Da aka mayar da ƙasa na ce, “Baffa, ba za a sa masa alama ba?”

Ya dube ni. “Alamar me, ɗan nan? Kakanka ma fasasshen tulu aka kifa masa.”

Yau ko ni da na tsaya a wurin ba zan iya nuna maka ramin ba. Gari ya ci bayan ganuwa, ya ci ganuwar kanta a wurare da yawa. Shaguna ne a jere, da mai faci, da mai cajin waya.

Abin da ya tuno min da wannan safiya wani hoto ne da ɗana ya nuna min a waya. Mutum-mutumin doki ne na tagulla, ga soja ya durƙusa a gabansa yana miƙa masa bokitin ruwa. Yana birnin Port Elizabeth na Afirka ta Kudu, wanda yanzu ake kira Gqeberha. A 1905 aka buɗe shi, da kuɗin da jama'a suka tara, don tunawa da dawakan da suka mutu a yaƙin Turawan Ingila da Buwa tsakanin 1899 da 1902. Dawakai sama da 300,000 Ingila ta rasa a wannan yaƙi, yawancinsu ba harsashi ne ya kashe su ba. Daga ƙasashe masu nisa aka kwaso su a jirgin ruwa, aka sauke su aka ɗora musu sirdi tun ba su huta ba, yunwa da cuta da gajiya suka gama da su. Yaron ya ce, “Baba, mu me ya sa ba mu da irin wannan a Bauchi, alhali kullum kuna cewa da doki aka kafa garin?”

Na ce masa zan ba shi amsa. Ga ta nan, ta yi tsawo.

Da farko dai, girmama dokin yaƙi da kabari ba Turawa suka fara shi ba. Iskandar na Masidoniya, da dokinsa Bucephalus ya mutu a gefen kogin Jhelum da ke Pakistan ta yau, shekara 326 kafin haihuwar Annabi Isa, gari sukutum ya kafa ya sa masa sunan dokin. A Sin, Sarki Taizong na daular Tang, wanda ya mutu a 649, ya sa an sassaƙa siffar dawakansa shida a jikin dutse aka jera a makwancinsa, har da kiban da suka soke su a fagen fama. Biyu daga cikin duwatsun yanzu suna wani gidan tarihi a Filadelfiya ta Amurka, yadda kayan mutane suka saba ƙarewa a gidajen tarihin wasu. Dokin da Wellington ya hau ranar Waterloo a 1815, mai suna Copenhagen, ya rayu har 1836, aka binne shi a gidan gonar ubangidansa, kabarin yana nan da dutse a kai. Dokin Napoleon da ya sha kaye a ranar kuwa, Marengo, ƙasusuwansa aka harhaɗa aka kafa a gidan tarihin soja na Landan, mutane suna shiga kallo. A Landan ɗin dai aka buɗe wata katangar tunawa a 2004 saboda dukan dabbobin da yaƙi ya ci, ciki har da dawakai da alfadarai da jakuna kimanin miliyan 8 na yaƙin duniya na farko.

Wanda ya fi tsaya min a rai na kusa da mu ne, a Sudan. A wani wuri da ake kira El-Kurru, kusa da kogin Nilu, masu tonon tarihi sun gano kaburburan dawakai 24 a 1919. Na sarakunan Kush ne, baƙaƙen sarakunan da suka mulki Masar sama da shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa. A tsaye aka binne dawakan, a jere, da kayan adonsu na duwatsun wuya. Babbansu, Sarki Piye, ya bar rubutu a jikin dutse game da yaƙin da ya ci Masar. A ciki an ba da labarin yadda ya shiga wani birni da ya yi wa ƙawanya, ya wuce kai tsaye zuwa barga, ya tarar dawakai sun rame, ya rufe sarkin birnin da faɗa, yana nuna masa cewa barin dawakai da yunwa ya fi ɓata masa rai a kan tawayen da ya yi masa. Da na karanta wannan sai na ga Baffa. Shi ma in ya je gidan mutum, turke yake fara leƙawa kafin ya yanke hukuncin ko mai gidan mutumin kirki ne.

To mu fa?

Bashin da Bauchi ke ɗauke da shi na doki ba ƙarami ba ne, ko da yake jihadin da ya haife ta a ƙafa ya fara. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yunin 1804, dawakan jama'ar Shehu Usmanu ba su wuce ashirin ba, Sarkin Gobir Yunfa ne ya zo da barade da 'yan lifidi. Maharba masu baka da kibiya suka ci wannan rana. Amma abin da aka fara tattarawa bayan nasara dawakan Gobirawa ne, kuma cikin 'yan shekaru rundunar da ta fara da kwari da baka ta koma rundunar mahaya. Malam Yakubu, Bagerin almajirin Shehu da ya dawo gida da tuta, ya bar Inkil ya kafa birnin Bauchi a 1809, ya kewaye shi da ganuwa mai tsawon sama da kilomita 10. Daga ƙofofin nan, Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Wase, Ƙofar Tirwun da sauransu, dawakai suke fita da kaka idan ƙasa ta bushe, koguna suka janye, su dawo kafin ruwa ya sauka. Madakinsa Hasan ya yi kudu har ya kafa Wase. Ranar da Bauchi ta fi alfahari da ita kuwa a 1827 take, lokacin da Shehu Laminu na Barno, wato El-Kanemi, ya kutso ƙasar Kano da babbar runduna, Yakubu ya tare shi ya mayar da shi gida. Ka tambayi duk wani dattijo a ƙofar fada zai ba ka labarin ranar, ya faɗa maka wa ya tsaya wa ya gudu. Sunan doki ko ɗaya ba za ka ji ba.

Ka kuwa san abin da dokin ɗan lifidi yake ɗauka? Lifidi riga ce ta ƙyalle da aka cusa wa audugar rimi aka dinke ta layi-layi, tana rufe doki daga wuya har gwiwa, kibiya ta soka ta maƙale. Mahayin ma yana sanye da irinta, ko sulke na ƙarfe, ga kwalkwali a ka, ga mashi. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kanajeji, wajajen 1400, waɗannan kaya suka shigo ƙasar Hausa. Bature Clapperton, da ya ga 'yan lifidin Sakkwato a yaƙi da Gobirawa a 1826, ya ba da labarin cewa sai an ɗaga mahayi an ɗora shi a sirdi, don nauyin kayan ba ya barin sa ya hau da kansa. Yanzu ka auna dokin da ke ƙarƙashin wannan kaya duka, a cikin ranar Maris, yana tafiya gaba-gaba cikin ruwan kibau masu dafi. In aka harbo kibiya mai wuta auduga ta kama, shi da mahayinsa tare suke ƙonewa. Shari'a dai ta san da wahalarsa. A rabon ganima bisa mazhabar Malikiyya, dakare kaso ɗaya yake samu, mahayi kaso uku, ɗaya nasa, biyu saboda dokinsa. A Alƙur'ani ma akwai sura guda, Adiyati, da ta buɗe da rantsuwa da dawakan yaƙi masu gudu.

Akwai wani gefen labarin da ba a cika faɗa a ƙofar fada ba, ni kuwa ban ga amfanin ɓoye shi ba. Ingarman yaƙi tsada gare shi, kuma ba ya daɗewa. Daga Barno da Azbin ake kawo nagari, in an yi kudu da su wajen Binuwai ƙudan tsando ya sa musu sammore su mutu, sai an sayo wasu. Da me ake saye? Da mutane. Tun farkon ƙarni na 16 matafiyin nan Leo Africanus ya rubuta cewa a Barno ana ba da bayi goma sha biyar zuwa ashirin a kan doki ɗaya. A hau doki a kamo bayi, a sayar da bayi a sayo doki, haka abin ya yi ta juyawa. Ƙarar kofato da mu 'yan birni muke jin daɗinta ranar salla, ga kakannin mutanen da ke zaune a duwatsun kudu da yammacin Bauchi alama ce ta a kwashi yara a hau dutse. Duwatsun ne ma suka cece su. Mutanen Ningi, tun daga zamanin Malam Hamza har zuwa Ɗan Yaya, sun shekara hamsin suna hana Bauchi da Kano barci, domin ingarma mai lifidi ba shi da ta cewa a tsakanin duwatsu. Mutanen tsaunin Filato kuma suna da nasu ƙananan dawakai, ƙuru, da suke hawa ba sirdi ba likkafa, suna bi da su ta inda babban doki ba ya iya sa ƙafa. Ina da aboki da muka yi makarantar horon malamai tare, ɗan ɗaya daga cikin ƙauyukan nan na kan dutse. Na taɓa gayyatarsa kallon hawa, ya zo, ya yaba kwalliyar, da yamma muna shan shayi ya ce min kakarsa har ta mutu ba ta son jin haniniyar doki. Duk mai son a kafa wa dokin yaƙi gunki a shataletalen Bauchi, ya fara zama da irin wannan aboki nawa tukuna.

Ƙarshen zamanin bai ɗauki lokaci ba. A Fabrairun 1902 sojojin Turawa suka shigo Bauchi, ba a gwabza ba, suka tuɓe Sarki Umaru. Shekara guda bayan haka, a Kwatarkwashi, baraden Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta kai hari a kan sojojin da ba su kai hamsin ba, waɗanda suka yi sahu kusurwa huɗu da bindigogi. Ko sau ɗaya ba su fasa sahun ba, Waziri ya kwanta a wurin. A ranar 27 ga Yulin 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, gabas da mu, a ƙasar Gombe. An ƙirga mutanen da suka mutu, ko da ƙiyasi ne. Dawakai kuwa ungulu ce ta ƙirga su.

Amsar da na ba ɗana ita ce, mutanen da ba su cika gina wa sarakunansu ƙubba ba, ba za su gina wa doki ba. Malamanmu ba sa son a ɗaga kabari sama da taƙi, balle a kafa siffar mai rai a kansa. Dubi kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan cikin gari. Gwamnati ta kewaye shi da manyan katangu a ƙarshen shekarun 1970, amma in ka bi ta cikin duhun nan ka fito, abin da za ka tarar kabari ne kawai a fili, sama a buɗe a kansa. Firayim Minista ke nan. Saboda haka maganar Baffa ta fasasshen tulu ba rowa ba ce.

Sai dai rashin kabari bai sa an manta ba. Mu a baki muka binne dokin yaƙi, da cikin sarauta. Madaki, wanda a wasu garuruwan ake cewa Madawaki, asalinsa mai dawaki ne, shugaban mahaya. Ga Sarkin Dawaki, ga Barde, ga Lifidi, ga Shamaki mai kula da barga, ga Sarkin Zagi da ke tafe a gaban dokin sarki. Yau mai riƙe da irin wannan sarauta zai iya zama tsohon babban sakatare ko ɗan kasuwa da bai taɓa ɗaura majayi da hannunsa ba, amma duk ranar da maroƙi ya kira sarautarsa doki ya kira. A cikin birni akwai mazaɓar Dawaki. In ka kama hanyar Ningi za ka isa Kafin Madaki, kafin da aka yi don tsare Bauchi daga harin Ningawa, inda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wa Madaki soron nan mai bakan gizo wajajen 1860. A 1956 aka sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, yana cikin na farko-farko. In ana neman ginin tunawa da rundunar dawakan Bauchi, ga shi can a tsaye, da ƙasa aka yi shi.

Wani abin da ke ba ni dariya, makarantar da rundunar sojan Najeriya ke horar da masu tankokin yaƙi a Bauchi take. A ƙasashe da dama rundunonin tanka su ne magadan rundunonin dawakai, wasu har yau sunan mahaya suke amsawa. Mu ma harshenmu ya yi wannan gadon ba tare da an zauna taro ba: motar yaƙi da harsashi ba ya huda ta, mai sulke muke ce mata. Ka ciro fasfo ko takardar gwamnati ka duba tambarin ƙasa, fararen dawakai biyu ne ke riƙe da garkuwa. Kili biyu, in ji Baffa.

Babban abin tunawa kuwa shi ne hawa. Turawa sun karɓe yaƙi suka bar mana kwalliyarsa, har suka mayar da ita abin tarbar baƙi, kamar dabar da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Amma wanda ya san abin da yake kallo ranar hawan salla ko hawan daushe, tsarin fita yaƙi yake gani. Kowane hakimi da jama'arsa, 'yan bindiga suna ta da hayaƙi, 'yan lifidi kusa da sarki, tambari da kakaki a baya. Jafin nan da mahaya suke yi, su taho a sukwane su ja linzami a gaban sarki su ɗaga hannu, hari ne aka tsayar da shi taku kaɗan kafin ya isa. Ina yaro, Akawal na cikin masu wannan sukuwa. Da an sauka Baffa zai kwance sirdi, ya cire jalala da ta jiƙe sharkaf, ya duba bakin dokin ko linzami ya yanke shi, ya hana a ba shi ruwa sai gumi ya bushe. Shi bai taɓa kallon hawa ba. Yana can baya da guga.

Nan ne nake da ƙorafi, kuma ba a kan rashin gunki ba ne. Kwanan baya, mako biyu bayan salla, na bi wani abokina wani gida duba ɗan duƙushin da yake son saya. A can ƙarshen bargar akwai wani tsohon bidi, haƙarƙarinsa a waje ana iya ƙirgawa, ga gyambon sirdi a gadon bayansa ƙudaje sun rufe. Na tambayi yaron da ke kula da su. Ya ce ai wannan ya gama aiki, shekara goma sha biyu yana fita hawa, yanzu ana jiran mai mota ne. Na san motar da yake nufi. Tsofaffin dawakan Arewa kudu ake lodin su, kasuwar Obollo-Afor a jihar Inugu ta yi suna da cinikinsu, can ana yankawa a ci. Ban ga laifin mai ci ba, abincinsa ne, da kuɗinsa ya saya. Wanda nake kallo shi ne wanda dokin ya ɗauka shekara goma sha biyu ana yi masa kirari a kai. Kafin motar ta zo ma, sau da yawa sai an ba da hayar irin wannan doki ga samari masu kilisar angwanci, su yi ta zabga masa bulala a kan kwalta har kofato ya tsage. Na san dawa ta yi tsada, harawa ta yi tsada, ciyar da doki ɗaya yau ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta irina. Amma mai iya ɗinka wa sabon ingarma kayan ado na miliyoyi ba kwanon dusa ne zai gagare shi ba.

Izgar nan da Baffa ya yanka tana wurina. Bayan rasuwarsa aka same ta a cikin adakarsa, an ɗaure ta da zare, tare da takardar gonarsa da wani tsohon carbi. Ɗana ya riƙe ta ya ce ba ta da nauyi.

In Allah ya kai mu salla mai zuwa, ka je ka kalli hawa, ka ɗauki hoto yadda kake so. Idan an watse, kada ka wuce gida. Ka zagaya bayan gidan da ka fi yaba wa kwalliya, ka gai da mai guga, ka tambaye shi ina dokin da maigida ya hau shekara biyar da suka wuce.